Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yara Biyu 'Yan Dauran Da Aka Ce "Ba Su Ji"

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je Ƙaura Namoda domin gaishe da mahaifiyata, wadda halin da ƙasarmu ta shiga ya raba ta da gidanmu na gado a Dauran, garin nan na Ƙaramar Hukumar Zurmi da ke kan hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta nufi Jibiya. Gidan hayar da take zaune ya cika maƙil da jikoki, wasu yawon Sallah ya kawo su, wasu kuwa zama ne ya kama su tun ranar da iyayensu suka baro ƙauye. A dare na biyu, bayan an idar da sallar Isha'i, sai ga yayana da ƙanwata sun same ni a tsakar gida, kowannensu riƙe da takardar sakamakon jarrabawar ɗansa. Yaran biyu ajinsu ɗaya, aji huɗu na wata firamare da ke unguwar, kuma malaminsu ya rubuta musu magana kusan iri ɗaya da jan biro: ba ya mai da hankali a aji.

"Dakta," in ji yayana, "yaran ga ba su ji. Mun yi faɗa, mun yi bulala, an yi masu rubutu sun sha, babu abin da ya sake. Kai ka yi boko mai zurfi, sai ka gaya muna abin yi." Na tuna masa cewa digirina na uku a kan harshe ne, ban taɓa riƙe allura ba. Inna da ke gefe tana jan carbi ta ce ai ta daɗe da sanin daktan nata na baki ne. Aka yi dariya, amma na lura ƙanwata ba ta yi ba. Na nemi su jingine bulalar na 'yan kwanakin da zan yi, su bar ni in zuba wa yaran ido.

Abin da na gani cikin kwana biyar

Ɗan yayana shekararsa goma, kuma duk gidan sun shaida cewa tun da ya fara tafiya ba a taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya ba. Inna ta aike shi sayen ashana, bayan rabin sa'a aka tsince shi a bayan gida yana kallon yadda ake shanya fatar rago, kuɗin na hannunsa, saƙon kuwa ya bi iska. Biro ba ya kwana uku a jakarsa. A makarantar allo ma labarin ke nan, ana biya masa karatu yana wasa da tawadar na kusa da shi. Duk da haka yaro ne mai fara'a, yakan ci ya ƙoshi, ya yi barci kamar an jefa dutse a rijiya, kuma na gan shi ya shafe fiye da sa'a guda yana ƙera mota da gwangwani da kara bai ko ɗaga kai ba. Da na tambaye shi inda hankalinsa ke tafiya idan malam na koyarwa, sai ya yi murmushi ya ce, "Baffa, wallahi ban sani ba. Sai dai in ji an kira sunana."

Ɗan ƙanwata shekararsa tara. Uwarsa ta ce a aji ɗaya da aji biyu ba ya wuce na uku a jarrabawa. Sai wani dare da damina 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu da ke kusa da Dauran, ita da yaranta suka kwana kwance cikin gonar gero, suna jin ƙarar babura da harbi har asuba. Tun daga nan yaro ya sake. Ba ya zama sai inda yake hango ƙofa. Idan babur ya wuce da gudu sai ya zabura. Kowace safiyar makaranta ciwon ciki ke tashe shi, amma ranar Asabar lafiyarsa ƙalau. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, kuma yakan tambayi uwarsa sau goma a yini ko babansa, wanda har yanzu yakan saci jiki ya koma gona, ya dawo. Na yi masa tambayar da na yi wa ɗan'uwansa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, saurare nake yi, ko sun taho."

Ya kai mai karatu, ga yara biyu a benci ɗaya, da sakamako iri ɗaya, da hukunci iri ɗaya, alhali abin da ke damun wannan ya yi hannun riga da abin da ke damun wancan. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan shi ne dalilin rubutun nan, domin na tabbata a yau akwai dubban irin waɗannan yara a makarantun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, har da na biranen da 'yan gudun hijira suka kwarara.

Laifin da ke wuyan kalmominmu

Tun da sana'ata ke nan, bari in fara da harshe. Kalmar "ji" a Hausa tana ɗauke da kaya masu yawa. Akwai ji da kunne, akwai ji na fahimta kamar yadda ake cewa wane yana jin Larabci, akwai ji na jiki kamar jin yunwa da jin tsoro, sannan akwai ji na biyayya. Idan uba ya ce ɗansa ba ya ji, kowace daga cikin waɗannan ma'anoni tana iya zama gaskiyar lamarin, amma mu kullum ta ƙarshen muke zaɓa, saboda ita ce maganinta ke rataye a bayan ƙofa. Daga nan sai laƙabi ya biyo baya: mai kunnen ƙashi, mai ƙiriniya, mai rawar kai, daƙiƙi, sakarai. Duk waɗannan kalmomi hukunci ne a kan halin yaro, babu ko ɗaya da ke tambayar dalili.

Ita kuwa kalmar "hankali" daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta a can yana da nasaba da ɗaure raƙumi da dabaibayi. Da ta shigo Hausa sai muka ci gaba da ɗaukar ta kamar abu mai rai: hankali yakan tashi, yakan kwanta, ana jan sa, ana ɗauke shi, ana raba shi. Idan muka ce wa yaro ya "mai da" hankali, mun riga mun amsa cewa hankalin ya tafi wani wuri ke nan, sai dai ba mu cika tambayar ina ya tafi ba. Dabaibayin ɗan yayana sako-sako yake, raƙuminsa na kiwo duk inda ya ga ɗanyen ganye. Na ɗan ƙanwata kuwa a ɗaure yake tamau, amma a turken da ba na malam ba, wato a bakin ƙofa. Abin lura kuma shi ne da kalma ɗaya, "tashin hankali", muke kiran rikicin da ke faruwa a gari da kuma ruɗanin da ke faruwa a ƙirjin mutum. Kakanninmu sun san na farkon ne ke haifar da na biyun.

Abin da likitoci suka sani

Larurar da ke damun yara irin ɗan yayana ba sabuwa ba ce. A shekarar 1902 wani likitan yara a birnin Landan mai suna George Still ya gabatar da bayani a kan yara 43 da ba sa iya tsayar da hankali ko danne abin da ransu ya raya musu, kodayake basirarsu lafiya lau take. Shi kansa a lokacin ya danganta abin da raunin ɗabi'a, wato su ma Turawa da zargin tarbiyya suka fara, kamar yadda muke yi a yau. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba larurar suna mai nuni ga matsalar tsayar da hankali a kundinta na tantance cututtuka. A asibiti za ka ji ana taƙaita sunan da haruffa huɗu, ADHD. Ni a nan zan kira ta larurar rarrabuwar hankali.

Bugu na biyar na wannan kundi, wanda ya fito a 2013, ya gindaya sharuɗɗa kafin a ce yaro na da ita. Dole alamomin su bayyana kafin ya cika shekara 12, su ɗauki aƙalla wata shida, a gan su a wurare biyu ko fiye, misali gida da makaranta, kuma su kasance suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Alamomin kashi biyu ne, tara na rashin tsayar da hankali, tara na yawan motsi da gaggawa, kuma sai an sami aƙalla shida daga kashi guda. Wani nazari da Guilherme Polanczyk na ƙasar Brazil ya jagoranta a 2007, wanda ya tattara bincike fiye da 100 daga sassan duniya, ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da larurar. A ajin da ke da yara 80, irin wanda muka saba gani, ana maganar kimanin yara huɗu ke nan. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka a cikinta, sama da kashi 70 cikin 100. Da na faɗa wa Inna haka sai ta dubi yayana ta ce ba sai an kai ta asibiti ba kafin ta san inda yaron ya gado.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan kundi da kansa ya lissafa wahalar tsayar da hankali da rashin natsuwa a cikin alamomin larurar fargaba, wato tsoro da zullumin da suka wuce kima suka ƙi barin mutum. Haka nan ya lissafa ta a cikin alamomin firgicin da ke biyo bayan ganin mummunan abu, tare da yawan zabura, da zama cikin shirin ko-ta-kwana, da munanan mafarkai. Dalilin a fili yake. Ƙwaƙwalwar da ta yi amanna akwai haɗari takan ajiye komai ta koma gadi, kuma lissafin tara sau bakwai ba zai taɓa yin gasa da ƙarar babur ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kada mu manta da irin abin da yaran wannan yanki suka tashi a ciki. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Yunin shekarar aka kashe mutum fiye da 50 a wasu ƙauyukan Zurmi. A farkon Satumba aka sace ɗalibai 73 a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako. Yaron da ke da shekara biyar a wancan lokaci yau yana manyan azuzuwan firamare, kuma ya taso yana jin manya na cewa makaranta wuri ne da ake zuwa a ɗauke yara.

Tambayoyi biyar kafin a ɗaga bulala

Yanke hukunci aikin likita ne, amma akwai tambayoyin da uba ko malami zai iya yi wa kansa, waɗanda su ne likitan ma zai fara da su.

Ta farko: tun yaushe? Rarrabuwar hankali tare da yaro take tasowa, da wuya uwa ta iya nuna ranar da ta fara, sai dai ta ce haka yake tun yana ƙarami. Fargaba kuwa sau da yawa tana da mafari: hari, ko rasuwar wani, ko ƙaura, ko rabuwar iyaye, ko sabon malami mai zafin hannu. Duk yaron da a da yake karatu lafiya sannan ya faɗi rana tsaka, a nemi abin da ya same shi.

Ta biyu: a ina, kuma a wane lokaci? Mai rarrabuwar hankali yakan tafi da ita ko'ina, gida da boko da islamiyya, ranar Sallah da ranar jarrabawa, sai fa idan ya sami abin da ke ba shi sha'awa ƙwarai, kamar motar gwangwanin nan. Wannan ne ma ke sa iyaye su ce da gangan yake yi, alhali kuwa hakan na cikin siffofin larurar. Mai fargaba kuwa hankalinsa yakan dawo idan ya sami aminci. Ɗan ƙanwata, idan yana jingine da uwarsa kuma babansa na gida, yakan karanta shafi guda ba tuntuɓe.

Ta uku: ina hankalin ya tafi? A tambayi yaron cikin lallashi, ba a gaban jama'a ba. Mai rarrabuwar hankali zai ce bai sani ba, ko ya ambaci tsuntsu ko ƙwallo ko abin da ya gani a hanya. Mai fargaba tunaninsa wuri ɗaya yake komawa, kuma wurin ba mai daɗi ba ne.

Ta huɗu: me jiki ke faɗa? Yaranmu ba su saba cewa "ina cikin damuwa" ba, kuma al'ada ba ta ba ɗa namiji damar cewa yana jin tsoro ba. Saboda haka jiki ne ke magana a madadinsu: ciwon ciki ko ciwon kai da aka rasa dalilinsa a asibiti, faɗuwar gaba, gumin hannu, firgita cikin barci, komawa fitsarin kwance, manne wa uwa.

Ta biyar: wane irin kuskure yake yi? Mai rarrabuwar hankali gaggawa ke kayar da shi, yakan amsa tun ba a gama tambaya ba, ya tsallake layi, ya bar aiki rabi, ya manta littafin a gida. Mai fargaba jinkiri ke kayar da shi, yakan rubuta ya goge har takarda ta huje, ya san amsa amma ya kasa ɗaga hannu, ya yi ta neman a tabbatar masa cewa daidai ya yi.

Sai dai a yi hattara, domin larurorin biyu sukan haɗu a jikin yaro ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu rarrabuwar hankali suna fama da fargaba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin yaron da ake duka kullum a kan abin da ya fi ƙarfinsa dole ya koyi tsoro. Haka kuma 'yan mata sun fi faɗawa ta baya ga rariya. Yarinyar da hankalinta ke yawo amma tana zaune shiru ba ta damun kowa, ita kuwa mai fargaba har yabon ta ake yi da kunya da kawaici, sai ranar da sakamako ya fito a ce ai dama karatun mace bai dame ta ba.

Sauran ɓarayin hankali

Kafin a laƙaba wa yaro ɗaya daga cikin biyun nan, akwai abubuwan da ya wajaba a kawar, kuma a Zamfara ba ƙanana ba ne. Na farko yunwa. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. Yayyen waɗannan yara su ne ke zaune a aji ba karin kumallo, ga ƙarancin jini, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da su duk damina. Na biyu gubar dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, kuma sananne ne cewa dalma, ko da ba ta kai ta kisa ba, tana raunana basira da tsayar da hankali. Duk yaron da ya taso kusa da wurin haƙar ma'adinai ya cancanci a auna jininsa.

Na uku kunne da ido. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ko wanda ba ya hango allo, shi ne ainihin wanda "ba ya ji", kuma bulala ba ta buɗe kunne. Na huɗu wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya, sau da yawa a yini. A gida akan ce aljanu ne, alhali tana da magani a asibiti. Na biyar kuwa ya shafi fagena kai tsaye. Yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, aka zaunar da shi sa'a biyar ana yi masa magana da shi, dole hankalinsa ya fita ta taga. Ko ni aka zaunar a lacca da Sinanci, ba zan yi minti goma ba zan fara ƙirga azarar ɗaki.

Me ya sa bambancewar ta zama dole?

Saboda maganin wannan yana iya zama gubar wancan. Mai rarrabuwar hankali yana buƙatar tsari: a zaunar da shi gaba kusa da malam nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gutsuttsura masa aiki, a ba shi dalilin motsawa kamar share allo ko raba littattafai, a yaba masa nan take idan ya yi daidai. Idan abin ya yi tsanani akwai magani irin su Ritalin, wanda ke taimaka wa da yawa daga cikinsu. Amma wannan magani yakan rage barci da cin abinci, yana kuma iya ƙara wa mai fargaba bugun zuciya da rashin natsuwa. Shi ya sa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadar wa ma'aikatan lafiya ta ce a fara da horar da iyaye da malamai, kada a ba da maganin sai da sa hannun ƙwararre, kuma kada a ba yaron da bai kai shekara shida ba.

Mai fargaba kuwa aminci yake buƙata: ya san abin da zai faru a yininsa, ya san wanda zai zo ɗaukarsa, a saurare shi ba tare da an kira shi matsoraci ba, a koya masa jan numfashi a hankali idan gabansa ya faɗi, a riƙa mayar da shi ga abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Barinsa ya daina zuwa makaranta ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi, dukansa kuma tabbatar masa yake yi cewa duniya duk ba ta da wurin fakewa. Ina kuma jan kunnen iyayen da ke zuwa kyamis su sayo maganin mura ko na barci domin yaro ya lafa. Wannan ba magani ba ne, kuma ƙofa ce da in ta buɗe rufe ta sai an sha wuya. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, muna yi wa mai zazzaɓi ma, amma ba mu fasa kai shi a auna jininsa.

Wa zai yi aikin?

A nan ne zance ke ɗaci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar nan ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara 'yan ƙalilan ne daga cikinsu. Mutumin Dauran da ke neman asibitin da ya keɓanta da wannan fanni sai ya dangana da Kware a Jihar Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Gaskiya ne a Janairun 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka a takarda ba ta duba yaro.

Saboda haka ba za mu jira ƙwararru su iso kowane ƙauye ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan larurori, su yi abin da za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Babu abin da zai hana Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta ba ma'aikatan shan-magani na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura wannan horo. Kwalejin Ilimi ta Maru da takwarorinta su sa tambayoyi biyar ɗin nan a cikin abin da ake koya wa duk mai shirin zama malami, a kuma gayyato malaman allo da na islamiyya, domin su ne suka fi kowa daɗewa tare da yaran. Mu kuma masana harshe akwai bashi a kanmu. A rediyo yau komai "ciwon damuwa" ne, ko baƙin ciki ne, ko fargaba, ko firgici, kuma da zarar an ce "ƙwaƙwalwa" sai uba ya ji kamar an ce ɗansa ya haukace. Muddin ba mu zauna da likitoci mun daidaita kalmomin da uwa a ƙauye za ta fahimta ba tare da jin kunya ba, to za ta ci gaba da amfani da wadda ta gada, wato "ba ya ji".

Bayan Sallah na ɗauki yaran biyu da iyayensu zuwa wani asibitin koyarwa. Likitar ta duba kunnuwansu da idanunsu, ta sa aka auna jininsu, ta ba da takardar tambayoyi a kai wa malaminsu na boko, ta kuma nemi jin ta bakin malamin allo. Sai a zuwa na biyu ta faɗi ra'ayinta, wanda bai yi nisa da abin da mai karatu ya riga ya hasaso ba. Ba ta rubuta wa ko ɗayansu ƙwaya ba a wannan mataki. Ɗan yayana ya koma bencin gaba, shi ne mai share allo, kuma an ce yanzu biro yakan yi mako a hannunsa. Ɗan ƙanwata ya rage ciwon ciki, malam ya bar shi ya zauna inda yake ganin ƙofa, amma har yau yakan zabura idan babur ya wuce.

Akwai maganar da likitar ta yi wa ƙanwata da ta tsaya mini a rai. Ta ce kada ta riƙa ce wa yaron babu abin tsoro, domin ya san akwai, kuma idan ta faɗa masa abin da ya san ba gaskiya ba ne zai daina gaya mata abin da ke ransa. Ta dai nuna masa cewa a nan, a yau, yana cikin aminci. Iyakar abin da uwa da malami da likita za su iya ke nan. Sauran aikin yana wuyan waɗanda aka damƙa wa amanar tsaron rayukanmu, domin muddin mahaifin yaron nan sai ya saci jiki kafin ya je gonarsa a Dauran, to kunnen ɗansa zai ci gaba da zama a bakin ƙofa, komai ƙwarewar malamin da ke gaban allo.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci.